Tafiya Kallon Magangarar Ruwa ta Victoria: Daga Filin Jirginmu Zuwa Bakin Zambezi

Babu jirgin da ke tashi daga Kano, Abuja, Legas ko Yamai ya dire kai tsaye a bakin kogin Zambezi. Dole sai an yada zango, kuma a hanyar da ta fi sauƙi ma sai an kwana a hanya. Saboda haka ranar tafiyar nan a zahiri yini biyu ce da dare ɗaya a tsakani. Yawancin wahalar da matafiya ke sha a cikinta kuwa tun daga gida suke ɗauko ta, wajen sayen tikiti da neman biza.

Magangarar tana kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe. Faɗinta mita 1,708, kuma inda ta fi zurfi ruwan yana faɗowa daga tsayin mita 108. Wanda ya san Gurara ta jihar Neja, mai tsayin mita 30 ko kusa da haka, ya ninka ta sau uku da rabi a tsaye, sannan ya shimfiɗa ta fiye da kilomita ɗaya da rabi. Mutanen wurin Mosi-oa-Tunya suke ce mata. David Livingstone ne ya laƙaba mata sunan sarauniyar Ingila bayan ya gan ta a watan Nuwamba na 1855, UNESCO kuma ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1989.

Filayen jirgi biyu ne ke kusa da ita, kowanne a ƙasa daban. Na Zimbabuwe shi ne filin Victoria Falls, alamarsa a tikiti VFA, yana da nisan wajen kilomita 20 daga garin. Na Zambiya shi ne filin Harry Mwaanga Nkumbula da ke Livingstone, alamarsa LVI, kuma daga garin Livingstone zuwa bakin ruwan kilomita 10 ne ko ɗoriya kaɗan. Zaɓi tsakaninsu ba maganar arahar tikiti ba ce kaɗai, watan da za ka tafi shi ke yanke hukunci.

Daminarsu daga Nuwamba take zuwa Maris, amma kogin ba ya cika a nan sai bayan ruwan sama ya ɗauke. Ruwan daga arewa maso yammacin Zambiya da Angola yake tahowa, ya bazu a fadamar Barotse ya ɗau makonni kafin ya gangaro. Shi ya sa cikar kogin ke kamawa a Afrilu da Mayu. A lokacin feshin ruwan yakan tashi sama fiye da mita 400, ana hango shi daga nisan kilomita da dama, amma idan ka tsaya a gabansa ba ka ganin komai sai farin hazo, kana jiƙe sharkaf. Zuwa Oktoba da Nuwamba ruwan ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na na Afrilu, ɓangaren gabas da ake kallo daga Zambiya yakan koma baƙin dutse da 'yan zirin ruwa jefi-jefi. Ɓangaren Zimbabuwe ba ya ƙafewa, domin can ne bakin dutsen ya fi ƙasa, kuma daga can ake ganin kusan kashi uku cikin huɗu na magangarar. Wanda zai je sau ɗaya a rayuwarsa, a ganina ya sauka a VFA tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da akwai ruwa sosai kuma hazo ya lafa har ido na ganin ƙasan kwazazzabon. Wanda burinsa shiga tafkin nan na bakin gaɓa da ake kira Devil's Pool, wannan Zambiya zai nufa, kuma sai ruwa ya janye, daga wajen tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen shekara.

Sai biza. Za ka ci karo da rubuce-rubuce da yawa a intanet suna cewa a filin jirgi ake buga ta, ko kuma a sayi bizar haɗin gwiwa ta KAZA ta dala 50 wadda ke ba mutum damar kai-komo tsakanin ƙasashen biyu har kwana 30. Gaskiya ne, amma ga masu fasfon ƙasashen da ke cikin jerin waɗanda aka amince musu da haka. Mai fasfon Najeriya daga gida yake neman bizarsa ta intanet, ta Zimbabuwe daban, ta Zambiya daban. A nema da sauran mako uku ko huɗu, da hoton fasfo, da shaidar kama ɗaki a otal, da tikitin dawowa. In takardar amincewa ta fito a buga ta a takarda, kwafi biyu. Kada a dogara da wadda ke cikin waya, domin tun a kantar awon kaya a Abuja ko Kano za a nemi ganinta, kuma ba tare da ita ba kamfani ba zai ɗauke ka ba, tunda shi za a ci tara in aka maido ka.

A nan akwai wani tarko. Biza mai shiga sau ɗaya tana mutuwa da zarar an buga maka hatimin fita. Wanda ya sauka a Zimbabuwe da irinta, ya tsallaka gadar da ta haɗa ƙasashen biyu don ya ga ɓangaren Zambiya na awa uku, ba shi da hanyar komawa otal ɗinsa da yamma, alhali kayansa da jirgin komawarsa duk suna can. Mai niyyar ganin ɓangarorin biyu ya nemi mai shiga sau biyu tun farko.

Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, da shafuka biyu ko uku da ba a taɓa ba. Katin rigakafin shawara wajibi ne ga mai tahowa daga ƙasashenmu. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka wanda ya je ofishin lafiya na filin jirgi ana gobe tafiya ya makara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, sai dai katin ya zama irin sabon da ake iya tantancewa ta intanet, da lambar fasfon da kake riƙe da shi yanzu. Sannan a duba rubutun suna harafi bayan harafi. Muhammad a fasfo, Mohammed a tikiti, Muhammed a biza, wannan kaɗai ya isa a tsayar da mutum a gefe ana ta buge-bugen waya har a rufe ƙofar jirgi.

Hanyar da ta fi miƙewa ita ce ta Habasha. Ethiopian Airlines na zuwa Kano, Abuja, Legas da Yamai, kuma tun 2017 yana zuwa Victoria Falls daga Adis Ababa. Akwai ta Nairobi da Kenya Airways daga Legas, akwai kuma ta Johannesburg. Ko wacce aka zaɓa, tikitin ya zama guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Tikiti biyu daban-daban yakan fi araha a ido, amma ma'anarsa sai ka fita ka ɗauki jakarka a zango ka sake awo, fita kuwa takan bukaci bizar ƙasar, kuma Afirka ta Kudu ba ta barin mai fasfon Najeriya ya shiga haka kawai. Ga shi in jirgin farko ya yi latti, na biyu babu ruwansa da kai. Wanda zai taso daga Sakkwato, Maiduguri ko Yola da jirgin cikin gida don ya tari na waje, ya iso tun jajibiri ya kwana. Musamman a hunturu, lokacin da ƙura ke hana jirage sauka a arewa yini guda.

Jiragen Habasha daga Najeriya yawanci da rana suke tashi, bayan azahar ko dab da ita. A iso filin jirgi da sauran awa uku. A kanta, bayan an auna kaya, ka dubi doguwar takardar da suka liƙa wa hannun akwatinka kafin ta shige: haruffan ƙarshe su zama VFA. In ADD kaɗai ka gani, a Adis za a sauke ta. Ɗan guntun rasitin kayan da za a manna maka a bayan takardar shiga jirgi ka ɗauke shi hoto, shi ne kaɗai shaidarka in jaka ta yi ɓatan kai. A nan kuma za ka tambayi takardar otal na zango. Kamfanin yakan ba da masauki da abinci ga wanda jiransa a Adis ya kama tsakanin awa 8 da awa 24, in dai tikitin nasu ne gaba ɗaya kuma babu wani jirgin da ya riga wanda ka zaɓa tashi.

Babban akwati ba za ka sake ganinsa ba sai Zimbabuwe, don haka jakar hannu ita ce gidanka na dare ɗaya. Kilo 7 aka yarda. A sa kayan canji ɗaya, rigar sanyi, magunguna a cikin kwalinsu na asali da takardar likita in masu ƙarfi ne, buroshi, caja, da 'yar sallaya mai naɗewa. Fawa bank a jakar hannu yake zama, ba a yarda da shi a akwatin da ke shiga ƙarƙashin jirgi ba, kuma kada ya wuce mAh 27,000. Turare, man shafawa da duk wani abu mai ruwa kada kwalbarsa ta haura mililita 100, ko da saura kaɗan ne a ciki, girman kwalbar suke dubawa. Kilishi da dambun nama a cinye su a hanya ko a bar su gida, ƙasashen kudancin Afirka suna da tsanani kan shigo da nama saboda cututtukan dabbobi.

Daga Abuja ko Kano zuwa Adis awa huɗu da rabi ne zuwa biyar. Habasha na gaban Najeriya da awa biyu, saboda haka da dare za ka sauka. La'asar da magariba a sama za su riske ka, matafiyi sai ya yi amfani da sauƙin da aka yi masa na ƙasaru da haɗa salloli, ya tsara abinsa tun kafin ya hau. Akwai wurin salla a Bole, filin jirgin Adis. Abin lura shi ne alƙibla. Mu da muka saba fuskantar gabas, a Adis kusan arewa sak ake fuskanta, a Victoria Falls kuwa arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas, kamar digiri 20.

Adis tana kan tudu, sama da mita 2,300, dare akwai sanyi ko da wane wata ne, kuma hawa bene da jaka zai sa ka haki fiye da yadda ka saba. Da takardar otal ɗin za ka bi layin masu yada zango, a buga maka izinin fita, motar otal ta kwashe ku. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga sai da adafta. Sannan ga agogon Habasha, wanda ke fara ƙirga daga fitowar rana: ƙarfe 6 na safe a wurinmu ƙarfe 12 ne a nasu. In ma'aikacin otal ya faɗa maka lokacin da mota za ta tashi da asuba, sa shi ya rubuta maka, ka kuma tambaya da wane agogo yake nufi.

Safiya a Bole cunkoso ne, domin jiragen da ke bazuwa cikin Afirka kusan a tare suke tashi. Za a sake binciken kaya, a cire takalmi da bel, a karɓe robar ruwan da ka ɗauko daga otal. Lambar ƙofa takan canja, allo za ka riƙa dubawa, ba abin da aka buga a takardarka jiya ba. Daga nan zuwa Victoria Falls wasu awa huɗu da rabi ne zuwa biyar, agogo kuma ya koma baya da awa ɗaya, wato Zimbabuwe da Zambiya suna gaban Najeriya da awa ɗaya tak. Jirgin yakan haɗa da wani gari a yankin, a saurari sanarwa kafin a miƙe. Mai kujerar taga, in an yi sa'a da ɓangaren da jirgi ya juyo, zai hango wani farin ginshiƙi yana tashi daga tsakiyar daji kamar ana ƙona gona. Feshin ruwan ke nan.

An faɗaɗa filin VFA a 2016, yana da tsabta da sarari, amma layin shige da fice yana tafiyar hawainiya in jirage biyu suka sauka tare, saboda yawancin fasinjoji a nan suke biyan kuɗin biza. Riƙe abubuwa huɗu a hannu: fasfo, takardar biza, katin shawara, da sunan otal da adireshinsa a rubuce. Biro ma naka. Mai ɗauke da jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ya san cewa sai da izinin hukumar jiragen saman ƙasar ake shiga da shi, in ba haka ba kwastam za su riƙe.

Maganar kuɗi, dalar Amurka ce ke aiki a garin. Suna da kuɗinsu, ZiG, wanda aka fito da shi a Afrilun 2024, amma baƙo ba ya bukatarsa. Matsalar canji ce. Wanda ya taho da 'yan ɗari-ɗari zalla daga Wapa zai sha wuya, domin direban tasi ba shi da canjin 100, mai shago ma haka. A nemo 'yan 1, 5, 10 da 20 da yawa, sababbi, marasa yagewa ko rubutu, don tsohuwar takarda ko mai tabo sukan ƙi karɓa. Katin naira ba abin dogaro ba ne a waje. A Zambiya kwacha ake kashewa. Tasi daga filin jirgi zuwa gari wajen dala 30 ne mota guda, tafiyar minti 20 zuwa 25, a yi ciniki kafin a sa jaka a but. Mafi kwanciyar hankali a sa otal ya turo mota. A hannun hagu suke tuƙi, mai tsallaka titi ya fara duban dama.

Da ka ajiye kaya wajen ƙarfe 2 ko 3 na rana, ga rugugin ruwa kana ji daga ɗaki, zuciya za ta ce a tafi yanzu. Shawarata a haƙura. A 2023 aka ɗaga kuɗin shiga na baƙi a ɓangaren Zimbabuwe daga dala 30 zuwa 50, kuma tikitin shiga ɗaya ne, in ka fita ya ƙare. Ƙarfe 6 na yamma ake rufewa. Wuraren tsayawa 16 ne a jere a kan hanyar ƙafa da ke fuskantar ruwan, daga gunkin Livingstone da ɓangaren magangarar da ake kira Devil's Cataract a yamma har zuwa Danger Point da inda ake hango gada, kuma mai son ya gani da kyau yana bukatar awa biyu zuwa uku. Mutumin da ya yi barcin awa huɗu a Adis ba zai ci moriyar kuɗinsa ba. Wannan yammacin ya fi dacewa da gada. A ofishin kan iyaka ka ce gadar kawai za ka, za su ba ka 'yar takardar wucewa ba tare da an buga maka hatimin fita ba, bizarka na nan daram. An gama ginin gadar a 1905, tana mita 128 sama da ruwa, daga tsakiyarta ne masu ƙarfin hali ke daka tsalle da igiya a ƙafa. Takardar nan ta gada ce kaɗai, ba ta kai ka cikin Zambiya.

Kafin duhu a koma masauki, ko a hau tasi. Garin a tsakiyar gandun daji yake, giwaye na ratsa unguwanni da dare, aladen daji kuwa da rana ma suna kiwo a bakin titi. Gwaggon biri a hanyar gada ya san leda sarai, duk wanda ya riƙe ta a hannu zai iya rasa ta. Wajen abinci, sadza tuwon masara ne, a Zambiya nshima suke ce masa, da kifin Zambezi an wuce wurin. Teburin otal na ɗebi-da-kanka kuwa yakan haɗa da naman kada da na aladen daji, a tambaya kafin a zuba. Akwai sauro da zazzaɓin cizonsa, a kwana cikin gidan sauro. A Yuni da Yuli sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 10, Oktoba kuma zafi ne mai tsanani.

Washegari a isa ƙofa da sassafe, wajen ƙarfe 6 ko 6 da rabi ake buɗewa, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. A tafi da fasfo, da shi ake sayen tikiti. Daga Maris zuwa Yuli lema ba ta da amfani, saboda feshin daga ƙasa yake tasowa sannan ya dawo ta sama. Rigar ruwa ake sawa, ana bayar da hayarta a rumfunan da ke tsallaken ƙofa. Waya da fasfo a sa su a leda mai zif, biyu ma in da hali. Takalmi ya zama mai kama ƙasa wanda ba ka jin asarar jiƙewarsa, ba silifas mai santsi ba, domin a Danger Point babu shinge, dutsen kuma kullum a jiƙe yake da gansakuka. Babbar riga ko doguwar abaya in ta sha ruwa nauyi take yi tana harɗe ƙafa. Mai neman bakan gizo ya sa rana a bayansa: da safe daga gabas yana duban yamma, da la'asar daga wajen Devil's Cataract yana duban gabas. In tafiyar ta dace da daren sha huɗu ga wata a lokacin cikar ruwa, akan buɗe wurin da dare don kallon bakan gizon farin wata, da tikiti na daban.

Komawa ma haka take. Jirgin da ya kawo ka da rana shi ke juyawa, ya sauka Adis da dare, a sake kwana, da safe a kamo hanyar Najeriya. Kada a bar kallon ruwan sai safiyar ranar tashi, jiƙaƙƙun kaya da takalmi ba za su bushe ba, kuma za su ƙara wa akwati nauyi a ma'auni. Mai hutun mako guda ya cire kwana huɗu na hanya, biyu zuwa biyu dawowa, cikakkun kwana uku ne za su rage masa a bakin Zambezi.